Raunin Aikin Tayirod da Gudun Motsa Jiki: Bayani Ga Jama'a

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ana ƙara samun mutane a garuruwa da ƙauyukanmu da ke fita sassarfa da sassafe domin motsa jini. Cikinsu akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi, malaman makaranta, matasa masu shirin shiga aikin ɗamara, da kuma dattawan da likita ya umarta su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari. Wannan al'ada ce mai kyau da muke ƙarfafa wa jama'a gwiwa a kanta. Sai dai akwai wata larura da kan shiga jikin mutum sannu a hankali, ta rage masa kuzari, har ya riƙa zargin kansa da lalaci ko tsufa, alhali ciwo ne mai magani. Wannan larura ita ce raunin aikin tayirod. Mun shirya wannan bayani ne domin mai wannan larura ya san yadda zai ci gaba da gudunsa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, kuma domin jami'an lafiya da shugabannin al'umma su san inda za su tura mutanensu.

Mece ce tayirod, kuma mene ne aikinta?

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Nauyinta a jikin babban mutum bai cika wuce giram 25 ba. Ita ce idan ta kumbura ake kiran kumburin da suna maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗebi sinadarin aidin daga cikin jini ta sarrafa shi zuwa wasu sinadarai biyu da likitoci ke kira T4 da T3. Waɗannan sinadarai su ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Suna da hannu a bugun zuciya, aikin hanji, ƙarfin tsoka, kaifin tunani, girman yara da kuma jinin al'adar mata.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wadda ke aika mata da umarni ta hanyar wani sinadari da ake kira TSH. Idan tayirod ta yi sanyi a aikinta, sai fituwitari ta ƙara yawan TSH, kamar yadda manomi kan ƙara tsawa ga shanun huɗa idan sun rage tafiya. Wannan ne dalilin da ya sa yawan TSH a cikin jini ke nuna cewa tayirod ta yi rauni.

Abubuwan da ke haddasa raunin

Na farko shi ne ƙarancin aidin a cikin abinci, wanda ya fi addabar yankunan da ke nesa da teku da kuma wurare masu duwatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa 250. Saboda wannan matsala ne Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun shekarar 1993, matakin da ya rage yawan maƙoƙo ƙwarai. Rogon da ba a jiƙa shi ko an sarrafa shi yadda ya kamata ba na ƙara tsananta matsalar ga wanda dama aidin bai wadace shi ba.

Na biyu shi ne cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan ƙasar Japan mai suna Hakaru Hashimoto ya fara bayyanawa a 1912. A wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa lalata tayirod da kaɗan-kaɗan. Ita ce kan gaba wajen haddasa raunin a wuraren da aidin ya wadata, tana bin dangi, kuma ta fi kama mata fiye da maza nesa ba kusa ba.

Sauran dalilan sun haɗa da tiyatar cire maƙoƙo, maganin aidin mai tururin nukiliya da ake ba wanda tayirod ɗinsa ta yi aiki fiye da kima, kumburin tayirod bayan haihuwa, da wasu magunguna kamar amiyodaron na ciwon zuciya da litiyom na taɓin hankali.

Alamomin da mai gudu zai lura da su

Alamomin da aka saba gani su ne gajiya marar dalili, yawan barci, jin sanyi fiye da sauran mutane, ƙaruwar nauyi ba tare da ƙarin cin abinci ba, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, kumburin fuska, dashewar murya, mantuwa, damuwa, da rikicewar jinin al'ada ko jinkirin samun ciki.

Mai gudu yakan riga sauran mutane ganewa, domin yana da ma'auni a hannunsa. Tazarar da ya saba cinyewa cikin minti 30 sai ta koma tana ɗaukarsa minti 38 ko 40. Ƙafafu su yi nauyi tun kafin a yi nisa, numfashi ya riƙa yankewa a hawan da a da ba ya jin sa, jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa da dare, ciwon jikin da kan wuce cikin kwana ɗaya ya kai kwana uku ko huɗu. Dalili kuwa shi ne, ƙarancin sinadarin tayirod na rage ƙarfin da zuciya ke harba jini da shi, yana kuma rage saurin da tsoka ke samar da ƙarfi da gyara kanta.

Akwai kurakurai guda uku da muke jan hankalin jama'a a kansu. Na ɗaya, ɗaukar kowace kasala a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a yi ta shan magani a kemis wata da watanni ba tare da gwaji ba. Na biyu, ɗaukar jinkirin bugun zuciya a matsayin shaidar ƙwarewa. Gaskiya ne zuciyar ƙwararren mai gudu kan buga ƙasa da sau 60 a minti idan yana hutawa, amma shi wannan yana jin ƙarfi a jikinsa. Idan jinkirin ya zo tare da kasala da jin sanyi, to a nemi likita. Na uku, ƙara yawan gudu da rage abinci domin yaƙar ƙibar da larurar ta kawo. Yin haka yana ƙara wa jiki rauni, domin jikin da ba ya samun isasshen abinci yakan rage samar da T3 da kansa.

Gwaji

Ba a gane wannan larura da ido ko da taɓa wuya kawai. Sai an ɗebi jini an auna TSH, sannan a auna T4. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na lafiyayyen babban mutum na tsakanin 0.4 zuwa 4.0, ko da yake iyakar kan ɗan bambanta daga wani ɗakin gwaji zuwa wani. Idan TSH ya hau, T4 kuma ya sauka, larurar ta tabbata. Idan TSH ya ɗan hau amma T4 na nan daidai, likita kan sake gwajin bayan wata biyu zuwa uku kafin ya yanke shawara.

Ba kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ke da na'urar wannan gwaji ba, saboda haka akan tura mutum babban asibiti, asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya. Yana da kyau a haɗa da gwajin yawan jini, domin ƙarancin jini na kawo irin wannan kasala, kuma sau da yawa su biyun kan haɗu a jikin mace ɗaya. Kada a je gwajin ana tsakiyar zazzaɓi mai tsanani, domin rashin lafiya na iya sauya sakamako. Mai shan ƙwayar bayotin domin gyaran gashi ko farce ya sanar da likita, saboda tana rikita gwajin.

Magani da yadda ake shan sa

Maganin wannan larura daɗaɗɗe ne kuma sananne. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod na tunkiya. A 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin a Amurka, sannan a 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin bincike. Ƙwayar da ake sha a yau ana kiranta lebotayiroksin, a jikin kwali kuma za a ga an rubuta Levothyroxine. Daidai take da T4 da jiki ke samarwa, kuma mafi yawan masu larurar za su sha ta har iyakar rayuwarsu.

Likita ne ke ƙayyade adadi bisa nauyin mutum, shekarunsa da sakamakon gwaji. Ga matashi mai lafiyar zuciya, cikakken adadi kan kai kimanin maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa. Dattawa da masu ciwon zuciya kuwa akan fara musu da kaɗan, kamar maikirogiram 25, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Maganin na daɗewa a jiki, sai bayan kimanin kwana 7 rabinsa ke fita, saboda haka ba a sake gwaji sai bayan mako 6 zuwa 8 da farawa ko da canza adadi. Idan komai ya daidaita, gwaji sau ɗaya a shekara kan wadatar.

Ka'idojin sha su ne kamar haka:

1. A sha sau ɗaya a rana, a lokaci guda, da ruwa zalla, ciki babu abinci.
2. A jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, shayi ko kofi.
3. A bar tazarar awa 4 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini, ƙwayar kalsiyom, ko maganin gyambon ciki mai kama da alli, domin suna hana hanji tsotse shi.
4. Madara, nono da abincin waken soya irin su awara na rage tsotsuwarsa. Ba a hana cin su ba, amma kada a haɗa su da lokacin shan magani.
5. Wanda safiya ba ta yi masa daidai ba na iya sha lokacin kwanciya, matuƙar an yi awa 3 da cin abincin dare.
6. A ajiye shi cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi da bushewa. Zafin rana na rage masa ƙarfi, don haka kada a bar shi a cikin mota, a aljihun babur ko a kan taga.
7. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Mai shan maganin tarin fuka na rifamfisin, ko wasu magungunan farfaɗiya, ya sanar da likita, domin suna sa jiki ya buƙaci ƙarin adadi. Mace mai larurar da ta sami juna biyu kada ta daina sha. Ta garzaya asibiti da wuri, saboda buƙatarta na ƙaruwa tun farkon ciki, kuma ƙwaƙwalwar jariri na dogara da wannan sinadari.

Komawa fagen gudu

Wanda aka gano larurarsa ta yi tsanani bai kamata ya shiga gudu mai wahala ba kafin magani ya kama jikinsa. Zuciyarsa da tsokarsa ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin, kuma tilasta musu na iya jawo lalacewar tsoka, musamman ga mai shan maganin rage kitsen jini. A makonnin farko tafiya a ƙafa ta wadatar. Idan likita ya ba da izini, ana iya bin tsari irin wannan, a riƙa fita sau uku a mako, ana barin kwana guda na hutu a tsakani:

Mako na 1 da na 2: tafiya da sauri ta minti 20 zuwa 30.
Mako na 3 da na 4: sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 2, a maimaita sau 8.
Mako na 5 da na 6: sassarfa ta minti 3, tafiya ta minti 1, a maimaita sau 6.
Mako na 7 da na 8: sassarfa ta minti 20 ba tsayawa.

Wannan tsari misali ne kawai. Duk makon da ya yi wa mutum nauyi, ya maimaita shi kafin ya wuce gaba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne magana: idan mutum na iya yi wa abokin gudunsa magana cikakkiya ba tare da haki ba, saurinsa ya yi daidai. Abin da ake so a cimma a ƙarshe shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga manya a 2020, wato minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako.

Mai fita da sassafe zai iya haɗa magani da gudu cikin sauƙi. Ya sha ƙwayarsa da ruwa da zarar ya tashi, ya fita sassarfarsa ta rabin awa ko minti 45, idan ya dawo lokacin karin kumallo ya yi. Amma wanda ke gudu mai nisa da ke buƙatar ya ɗan ci wani abu tukuna, gara ya tattauna da likita a mayar masa da shan magani zuwa dare gaba ɗaya, maimakon ya riƙa sauya lokaci yau da gobe.

Muna kuma ba da shawarar ajiye ɗan littafi. Kowace safiya kafin a sauko daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya a rubuta. A rubuta tazarar da aka yi, lokacin da ta ɗauka, da yadda jiki ya ji. Wannan littafi na taimaka wa likita ƙwarai wajen gane ko adadin magani ya yi daidai. A sani kuma cewa ko bayan TSH ya daidaita, tsoka kan ɗauki wasu watanni kafin ta dawo da cikakken ƙarfinta, saboda haka sai an yi haƙuri.

Yanayi da azumi

A lokacin hunturu, mai wannan larura ya fi kowa jin sanyi, fatarsa kuma ta fi saurin tsagewa. Ya sa riga biyu, ya shafa mai, ya fara da tafiya ta minti 10 kafin ya shiga gudu, ya kuma haƙura da fita ranar da ƙura ta yi yawa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, a taƙaita gudu zuwa sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa.

A watan azumi ba a daina shan magani. Ana iya sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko lokacin kwanciya idan an yi awa 3 ba a ci komai ba. A rage yawan gudu, a mayar da shi bayan shan ruwa. Idan aka ga alamomi sun dawo, a sake gwaji bayan makonni 6 da salla.

Haɗarin wuce kima

Wasu kan ƙara wa kansu adadin magani da nufin rage ƙiba ko ƙara sauri. Wannan ganganci ne. Yawan sinadarin tayirod na sa zuciya bugawa da sauri ba bisa tsari ba, lamarin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki, yana kuma zaizaye ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada, har ƙashin ƙafa ya tsage saboda gudu. Alamomin wuce kima sun haɗa da faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan gumi, rashin barci, gudawa da rama. Haka nan kada a ba wani ƙwayar saboda ya yi kukan gajiya.

A dakatar da gudu nan take a nufi asibiti idan aka ji ciwon ƙirji, jiri ko suma, bugun zuciya marar tsari, numfashi mai wuya ko da an tsaya, ko ciwon tsoka mai tsanani tare da fitsari mai launin baƙin shayi. Idan mai larurar, musamman dattijo, ya riƙa barci fiye da kima, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, hankalinsa ya rikice, to wannan lamari ne na gaggawa.

Abinci da maganin gargajiya

Babu wani abinci na musamman da ke warkar da larurar. Mai gudu ya ci abinci mai gina jiki: tuwo, wake, ganye, ƙwai, kifi da nama gwargwadon hali. A yi amfani da gishiri mai aidin, a rufe shi a mazubi nesa da rana da laima, amma kada a ƙara yawansa, domin giram 5 a rana shi ne iyakar da aka shawarta saboda hawan jini. Gishiri mai aidin riga-kafi ne ga maƙoƙon ƙarancin aidin. Ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda tayirod ɗinsa ta riga ta lalace, kuma shan ƙarin aidin ba da izinin likita ba na iya tsananta cutar Hashimoto. Muna gargaɗi da babbar murya a kan tsaga ko sakiya a kan maƙoƙo, domin manyan jijiyoyin jini na ratsa wurin.

Larurar ba ta hana gudu

Gail Devers, 'yar tseren Amurka, ta kamu da ciwon tayirod mai aiki fiye da kima. Maganin da aka yi mata ya raunana tayirod ɗinta har ta koma dogaro da ƙwaya kullum. Duk da haka ta ci lambar zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, ta sake ci a Atlanta a 1996. Mai sassarfa a hanyar gona ko filin makaranta ba ya neman lambar zinare, amma wannan shaida ce cewa idan magani ya daidaita jiki na iya komawa aikinsa.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Muna kira ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da ma'aikatan cibiyoyin lafiya na karkara da su riƙa tuna wannan larura idan mutum ya yi ta dawowa da kukan kasala alhali gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba, su rubuta masa takardar zuwa babban asibiti. Jami'an duba-gari su ci gaba da sa ido kan irin gishirin da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye. Malaman wasanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa kada su tilasta wa wanda ƙarfinsa ya ragu ba dalili, su ba shi shawarar ganin likita. Hakimai, dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen wayar da kan magidanta su bar matansu su je gwaji, tun da su larurar ta fi shafa. Ranar 25 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar tayirod ta duniya, kuma dama ce mai kyau ta shirya taron faɗakarwa a gundumomi. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa da shi.